Kocinmu ya koma Yamai bai yi mana sallama ba

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 19 a nan Maraɗi, ina ajin ƙarshe na lise, kuma ni ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando. Kocinmu shi ya tsince ni tun ina yaro ina leƙen fili ta kan katanga. Shi ya koya mini riƙe ƙwallo, takalmin wasana na farko ma shi ya sayo mini a gwanjo. Watan jiya ya tara mu ya ce bana sai mun ba mutane mamaki. Ba a jima ba sai ga hotonsa a WhatsApp sanye da rigar wata ƙungiya ta Yamai. Ko sallama bai yi mana ba. Alhajin da ke ɗaukar nauyinmu ya ce kada a sake ambaton sunansa a fili, abokaina kuma butulu suke kiransa. Gaskiya an ce ya yi watanni ba a ba shi ɗan abin da ake ba shi ba, kuma na san yana da iyali, amma ai mu ma ba biyanmu ake yi ba. Ya kira ni ban ɗauka ba, sai ya turo saƙo cewa in an yi hutu in zo Yamai a gwada ni. Baba, me ke sa koci ya bar yaran da ya rena ya koma wata ƙungiya? Ba cin amana ba ne? In na bi shi, ni ma na zama butulu ke nan? Wani lokaci ji nake kamar in zazzage abin da ke raina a Facebook in ajiye ƙwallon gaba ɗaya.

Wa alaikumus salam ɗana.

Kafin komai, kada ka rubuta ko kalma ɗaya a Facebook. Masu ƙwallon kwando a ƙasar nan ba su da yawa, kowa ya san kowa. Abin da ka rubuta da daddare cikin fushi, kafin hantsi alƙalan wasa da shugabannin ƙungiyoyi na Yamai da Damagaram da Tawa sun gani, kuma sunanka za su riƙe a matsayin yaron da ya zagi malaminsa a bainar jama'a. Ko ka goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Akwai wata magana da ka wuce ta da gudu a wasiƙarka, alhali ita ce rabin amsar. Ka ce ya yi watanni ba a biya shi ba, amma ai ku ma ba a biyanku. Ba ɗaya ba ne, ɗana. Kai in ka tashi daga fili da magariba, ka tarar da tuwo a rufe, wani ya sayo hatsin. Shi in ya tashi daga filin nan, shi ake jira ya kawo hatsin. Ƙwallo a wurinka har yanzu sha'awa ce da buri, a wurinsa sana'a ce. Kuma na san yadda irin waɗannan kociyoyi suke rayuwa: man babur daga aljihunsa, ruwan leda na yara daga aljihunsa, in ragar kwando ta tsinke shi zai hau ya ɗaura, in yaro ya gurɗe a kan siminti shi zai goya shi zuwa likita. Takalmin gwanjon da ka ambata, daga cikin kuɗin cefanen gidansa ya fito. Mutumin da ya yi haka shekara da shekaru, ranar da aka miƙa masa albashi mai zuwa kowane ƙarshen wata ya karɓa, ni ba zan iya buɗe baki in ce masa butulu ba.

Amma kada ka ɗauka talauci ne kaɗai ke tayar da koci. Ko a inda kuɗi ya yi yawa har ya zama labari, tashi suke yi, kuma dalilansu za su haska maka na naka.

A gasar NBA ta Amurka ƙungiyoyi 30 ne, wato kujerun babban koci 30 ke nan, kuma babu kujerar da ta fi su santsi. Dwane Casey ya kai Toronto Raptors ga nasara 59 a kakar 2017 zuwa 2018, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba a tarihinta. Da aka kai zagaye na biyu na sili-ɗaya-ƙwale, Cleveland ta LeBron James ta share su sau huɗu a jere, sai aka sallame shi a watan Mayu. A watan Yuni aka ba shi kyautar gwarzon koci na shekara, lokacin ya riga ya zama kocin Detroit. Wanda ya sallame shi kuwa Masai Ujiri ne, mutumin da ya tashi a Zariya, ba wani bare can ba. Mataimakin Casey, Nick Nurse, ya hau kujerar ya ɗauki kofi a 2019, shi ma aka kore shi a 2023. Frank Vogel ya ci kofi da Lakers a 2020, aka kore shi a 2022. Mike Budenholzer ya ci da Milwaukee a 2021, aka kore shi a 2023. Michael Malone ya ci da Denver a 2023, aka kore shi a Afrilun 2025 saura wasa uku kakar ta ƙare. Waɗannan fa waɗanda suka kawo kofi gida ne. Dalili a fili yake: in ƙungiya ta fara faɗuwa, mai ita ba zai iya canza ƴan wasa goma sha biyu dare ɗaya ba, amma koci mutum ɗaya ne, takarda ɗaya ta ishe shi.

Duk kocin da ya san sana'arsa ya san wannan. Shi ya sa ba ya jiran a nuna masa ƙofa. In ya ga alamar ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsa, kuma wata ƙofa ta buɗe, sai ya shige. Mutane suna son su kafa hujja da Gregg Popovich, wanda ya zauna a San Antonio daga 1996 har 2025 ya ci kofi biyar. To ai saboda irinsa ba su da yawa ne ake ta ambatonsa. Kuma abin da ba a cika faɗa ba, ƙungiyar ta riƙe shi kamar yadda ya riƙe ta. Amana a wannan harka hannu biyu gare ta. Wanda ya yi watanni yana cewa koci "sai wani sati" bai kamata ya zama na farko wajen kiran sunan amana ba.

Dalili na biyu shi ne iko, kuma sau da yawa ya fi kuɗi zafi a zuciyar koci. Pat Riley ya ci kofi huɗu da Lakers, ya koma New York Knicks a 1991, ya kai su wasan ƙarshe a 1994 inda Houston ta Hakeem Olajuwon ɗan Legas ta doke su a wasa na bakwai. A 1995, da saura shekara guda a kwantiraginsa, ya tafi Miami Heat. Me Miami ta ba shi da New York ta hana? Shugabancin ƙungiya haɗe da kujerar koci, har da wani kaso na mallaka, wato shi zai ce a sayi wane a saki wane. Phil Jackson kuma ya ci kofi shida da Chicago Bulls ta Michael Jordan, amma ya tafi a 1998 ana tsakiyar rashin jituwa tsakaninsa da manajan ƙungiyar, Jerry Krause. Ya huta shekara guda, ya karɓi Lakers a 1999, ya ci kofi uku a jere.

Ka sauko da wannan zuwa filinku. Wa ke zaɓen mutum biyar da za su fara wasa? Ban ce haka ya faru a wurinku ba, tunda ba ka faɗa ba, amma ba sabon abu ba ne a ƙananan ƙungiyoyi: koci ya kwana yana zana dabara a ɗan allonsa, ana saura minti biyu maki ɗaya tsakani, sai ga saƙo daga kujerar manya cewa a sa ɗan wane, mahaifinsa ya zo kallo. Ya ƙi, ya ɓata da mai ba da kuɗin mota. Ya yarda, a ci su, gobe a majalisa a ce koci bai iya ba. Irin wannan ba a gaya wa yara. Kai kana ganin koci daga la'asar zuwa magariba ne kawai, abin da ake yi da shi a zaure bayan isha'i ba ka gani.

Na uku, shi ma yana da buri kamar yadda kake da shi. Kana mafarkin buga wasa a babban fili, shi me ya sa ba zai yi mafarkin tsayawa a bakin wannan fili ba? A 2019 NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA suka kafa gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, aka buga ta farko a Kigali a 2021, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin. Daga Nijar, ƙungiyar Nigelec ta Yamai ta buga wasannin share fagen shiga gasar. Hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a Yamai take, manyan wasanni can ake yi, kwasa-kwasan horar da kociyoyi galibi can suke sauka, mai son a gan shi dole ya matsa kusa. Mike Brown, wanda ya jagoranci Najeriya ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Yulin 2021, yana zaune lafiya a matsayin mataimaki a Golden State, ana cin kofi. A 2022 ya bar wannan inuwa ya karɓi Sacramento, ƙungiyar da ta shekara 16 ba ta kai zagayen gaba ba, don kawai kujerar ta zama tasa. Ya kai su, aka ba shi gwarzon koci a 2023, aka kore shi a Disambar 2024, New York ta ɗauke shi a 2025.

Ka lura da ƙarshen labarin nan, domin zai yi maka amfani. Komawa babbar ƙungiya ba isa tudun mun tsira ba ne. Monty Williams ya sa hannu da Detroit a 2023 kan dalar Amurka miliyan 78.5 na shekara shida, ya ci wasa 14 aka ci shi 68, shekara ɗaya tal aka sallame shi. Kocinku ma a Yamai ba wanda zai tuna cewa ya rena yara a Maraɗi. Sakamako za a tambaye shi, kuma ba za a yi masa haƙurin da kuka yi masa ba.

To duk wannan na wanke tafiyarsa ne. Ban wanke yadda ya tafi ba, kuma a nan kana da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Kai ɗan Maraɗi ne, ka san yadda ake yi a kasuwa. Yaron kanti yakan yi shekaru a hannun ubangidansa, ba wanda ya taɓa zaton zai mutu a bayan kanta yana auna atamfa. Kowa ya san wata rana zai kama gabansa. Abin da ake dubawa shi ne: ya zo ya durƙusa ya ce Alhaji ina neman izini, an yi lissafi, an sa masa albarka, ko kuwa an wayi gari ne aka tarar da makulli a ƙarƙashin tabarma? Dukansu biyu sun tafi, amma ɗaya ne zai iya dawowa gaisuwar sallah. Kocinku ya tara ku ya yi muku alkawari, sannan ya bar ku kuka ji labari a hoto. Wannan laifi ne, kuma ba watannin da ba a biya shi ba ne za su goge shi, domin ba ku kuka riƙe masa kuɗi ba.

Ko a Amurka mutane suna bambancewa. Shi Riley ɗin nan ta na'urar faks ya aika wa New York takardar ajiye aiki, har sai da Miami ta biya diyyar dala miliyan ɗaya ta kuma ba da damarta ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko. Ranar da ya dawo filin New York da sabuwar ƙungiyarsa, ihu aka yi masa. Doc Rivers kuwa, wanda ya ci kofi da Boston a 2008, ya koma Los Angeles Clippers a 2013 bayan ƙungiyoyin biyu sun zauna sun daidaita. Da ya dawo Boston a matsayin abokin hamayya, ƴan kallo miƙewa suka yi suna tafa masa.

Me ya sa naku ya sulale? Zan iya yin hasashe, tunda na san halinmu. Da ya je ya faɗa wa Alhaji, Alhaji zai ce haba ɗana, ya turo dattawa, a ɗaure shi da jijiyoyin jikinsa, a ba shi jika ashirin a ce ya ƙara haƙuri, shi kuma ba zai iya kallon idon babba ya ce a'a ba. Da ya tara ku, ɗaya daga cikinku ya fashe da kuka, shi ke nan gwiwarsa ta yi sanyi. Sai ya zaɓi ya hau motar asuba. Kunya ce da tsoro, ba mugunta ba, amma ku ta faɗa wa. Kuma ka duba: mutumin da ya ci amana da gangan ba ya kiran wanda ya cuta. Kiran da ya yi maka, ina jin sallamar da ya kasa yi ce ta biyo baya.

Saboda haka ka kira shi. Kai ne ƙarami, kuma malaminka ne, ko ya yi kuskure. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka yi masa Allah ya sa alheri, sannan ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi: koci, tafiyarka ba ta yi mana zafi kamar yadda muka ji ta a bakin duniya ba. Ka yi shiru ka saurare shi. Wataƙila ka ji abin da zai canza maka lissafi, wataƙila ka ji kame-kame. Ko wanne ne, ka roƙe shi abu ɗaya: ya turo wa yaran saƙon murya ya nemi afuwarsu, ya kuma kira Alhaji ko da Alhaji zai kashe wayar. Kai ne kyaftin, wannan aikinka ne, ba shiga sharo ba shanu ba.

Game da Alhaji, kada ka yi jayayya da shi, kuma kada ka ɗauki fushinsa ka mayar naka. Mutumin da ya zuba kuɗinsa a ƙwallon kwando a garin da kokowa da ƙwallon ƙafa suka cinye hankalin jama'a ya cancanci godiya, ko da ya gaza a wani wuri. Ya ce kada a ambaci sunan koci a fili, to kada ka ambata a fili. Bai hana ka gaishe da malaminka a waya ba, kuma ba shi da ikon hanawa. In hankali ya kwanta, ku samu wani babba da yake jin maganarsa ya nuna masa cewa duk wanda za a kawo nan gaba a rubuta masa takarda: nawa ne, yaushe ake biya, zuwa yaushe, kuma wanda zai tafi ya ba da sanarwar wata nawa. Ba rashin yarda ba ne. In babu takarda, koci na gaba ma motar asuba zai hau.

Sai maganar bin sa Yamai. Zuwa gwaji ba butulci ba ne, ɗan wasa ma yana da haƙƙin neman gaba. Zai zama butulci ne kawai in ka maimaita abin da kake kuka da shi, wato ka ɓace ba sallama. Amma ina da sharuɗɗa. Jarrabawar bak ɗinka ta gama lise tukuna. Ƙwallon kwando a ƙasar nan ba ta kai ta riƙe mutum har tsufa ba, gwiwa ɗaya in ta tafi labari ya ƙare, takarda kuwa ba ta gurɗewa. Mahaifinka ya sani, kuma ya yi magana da kocin baki da baki, ba ta bakinka ba. Ka san inda za ka kwana, wa zai ciyar da kai, wa zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, domin tafiyar ta haura kilomita 600 kuma gwaji ba ɗauka ba ne. Ka kuma tambayi kanka: in aka kori koci bayan wata shida, ƙungiyar za ta riƙe ni don wasana, ko don shi kaɗai aka karɓe ni? Yaron koci in ubangidansa ya faɗi, shi ne na farko da sabon koci ke zaunarwa a benci.

Ajiye ƙwallo kuwa, ban ma ɗauke ta a matsayin shawara ba, fushi ne ke magana. Abin da ya koya maka yana hannunka, bai tafi da shi a jaka ba. Duk wanda aka kawo muku, ko da bai kai shi iyawa ba, ka ba shi haɗin kai, kada ka zama mai cewa "ai ba haka tsohon koci ke yi ba" a gaban yara. In wancan tsaron mutum-da-mutum ya fi so, wannan kuma ya zo da tsaron yanki, riba ka ci, ka iya biyu ke nan. Kafin a samu wani, kada a rufe fili: ka riƙa tara su bayan la'asar, gudu, jifa, miƙa ƙwallo, ko na awa ɗaya ne, musamman ƙananan, su ne ke saurin watsewa.

In lokacin tafiyar ya zo, ka tuna lasisinka na ɗan wasa da sunan ƙungiyarku yake, kuma ba za ka buga wa wata a gasar hukuma ba sai an sake ka a rubuce. Wanda zai sa hannun nan yana cikin mutanen da ke fushi yau. Ka je masa da mahaifinka ko kawunka tun kafin ka sayi tikiti, ka faɗa masa ranar tafiya da ranar dawowa, ka nemi izininsa. In ya ce sai ƙarshen kaka, ka jira ƙarshen kaka.